Daga Anka Zuwa Ailan: Abubuwan Mamaki a Tarihin Zamfarawa da Keltawa

A jami'o'in Amurka da Kanada akwai wani tsari da ba mu cika yin irinsa ba. Ɗalibi yana da babban fannin da zai karɓi digiri a kansa, injiniya ko lissafi ko kimiyyar sinadarai, sai kuma ya ɗauki wani ƙaramin fanni ya raɓa masa, kwas biyar ko shida, a rubuta masa shi a takardar sakamako. A jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley da jami'ar Toronto, cikin ƙananan fannonin da ake zaɓa har da nazarin Keltawa, wato mutanen Ailan da Sikotlan da Wels da Konwal da tsibirin Man da yankin Biritani na Faransa. Dukkansu al'ummu ne da manyan maƙwabta suka danne, harsunansu suka ƙanƙance, wasu ma suka yi shiru. Duk da haka tarihinsu ya sami kujera a jami'a. Wanda ya san Anka da Gummi da Bukkuyum, in ya leƙa abin da ake koyarwa a wannan fanni, zai yi ta cin karo da abubuwan da ya baro a gida.

Jamusawa ne a gaba, can da nan

Mutumin da ya aza harsashin nazarin harsunan Keltawa ba ɗan Ailan ba ne, ba kuma ɗan Wels ba. Wani malamin makaranta ne Bajamushe, Johann Kaspar Zeuss, wanda ya fitar da nahawunsu a 1853, kuma da Latin ya rubuta shi. Shekara tara bayan haka, a 1862, wani Bajamushen, J. F. Schön, ya fitar da nahawun Hausa. To, tarihin Zamfara fa? Littafin farko da aka buga a Turai kacokan a kansa, Kurt Krieger ne ya rubuta, bayan ya zauna a Anka a shekarun 1950 yana sauraren dattawan fada. An buga shi a Balin a 1959, da Jamusanci. Jikokin waɗanda suka ba shi labarin, kaɗan ne cikinsu za su iya karanta ko da shafi ɗaya.

Sai a 1977 ɗan ƙasa ya ɗauki aikin da gaske, lokacin da Garba Nadama ya kammala digirinsa na uku a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya a kan tasowar daular Zamfara da rushewarta. 'Yan shekaru bayan nan, masanin tarihin ya zama gwamnan Jihar Sakkwato, bayan rasuwar Shehu Kangiwa a filin wasan folo.

Abin da aka rubuta a gefen shafi

Yadda Zeuss ya yi aikinsa shi ne abin da ya fi burge ni. Tsohon harshen Ailan na ƙarni na 8 da na 9 bai bar manyan littattafai masu yawa ba. Abin da ya bari shi ne 'yan bayanan da ɗalibai da malamai suka riƙa cusawa tsakanin layuka da gefen shafukan littattafan Latin, don su tuna fassarar da aka yi musu. Wani ma yakan rubuta kukansa a wurin, cewa tawada ba ta da kyau, ko sanyi ya hana yatsu motsi. Zeuss ya bi irin waɗannan littattafai a Würzburg da Milan da St Gallen, ya tsinto kalmomin ɗaya bayan ɗaya har ya tayar da nahawun harshen.

Duk wanda ya yi karatun zaure ya san wannan ɗabi'a. Malam yana biya Ishmawi ko Risala, almajiri yana saƙala fassarar kalma mai wuya da ajami a ƙarƙashinta. A Barno masana sun bi irin wannan rubutu a gefen tsofaffin kwafen Alƙur'ani, suka gano wani tsohon nau'in Kanembu da babu mai magana da shi a kasuwa yau. Gafakokin da ke rataye a gidajen malamai a Gummi da Anka, ina da yaƙinin gefen shafukansu na ɗauke da Hausar da ta girmi duk wata jarida. Gara da ɗigon damina ba sa jiran mai bincike.

Baƙon da ya ci gida

Zamfara ba ƙaramar daula ba ce. Leo Africanus ya ambace ta a littafinsa na bayanin Afirka da aka buga a Italiya a 1550. Tarihin Kano ya kawo cewa a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, farkon shekarun 1700, Zamfarawa sun kai wa Kano yaƙi suka kuma yi galaba. Amma a jerin da aka saba koya wa yara, cikin Banza Bakwai aka sa ta.

Faɗuwarta ta zo ne ta hanyar baƙunta. Gobirawa suka gangaro daga arewa, Sarkin Zamfara ya ba su wurin zama a gonakin alƙalinsa, wurin da ya zama Alƙalawa. Da suka yi ƙarfi, Sarkin Gobir Babari ya juya ya ci Birnin Zamfara a farkon shekarun 1760. Gidan sarautar ya yi ta ƙaura, Kiyawa, Banga, Sabon Gari, kafin ya tabbata a Anka a farkon ƙarni na 19. Shi ya sa har gobe Sarkin Anka ne ke riƙe da sarautar Sarkin Zamfara, alhali kufan birnin da ya ba jihar sunanta yana can wajen Isa, wadda ke cikin Jihar Sakkwato.

Mutanen Wels suna da labari mai kama da wannan sak. Ruwayarsu ta ce wani sarkinsu, Vortigern, shi ya gayyato mayaƙan Saksan daga ƙetaren teku su taimake shi, ya ba su ƙasa, daga baya suka mamaye abin da ake kira Ingila yau. A Ailan ma wani sarki da aka kora, Diarmait Mac Murchada, shi ya kirawo mayaƙan Noman daga Birtaniya a 1169, aka kuma shafe ƙarnuka ba su fita ba.

Wani abin da ba a cika faɗa ba: Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kusan shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara tun kafin jihadi, kuma cikin fursunonin da aka ce Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya saka saboda roƙon Shehu har da Abarshi na gidan sarautar Zamfara.

Mata a kan karaga

Ruwayar Zamfara ta ce sarakunan farko a Dutsi samudawa ne, ana kuma nuna dogayen kaburburan da aka jingina musu. Cikin jerin masu mulkin akwai mace, 'Yargoje, wadda ake danganta wata tsohuwar fitilar ƙarfe da ita. Keltawa kuwa suna da Boudica, wadda ta tayar wa Rumawa a wajen shekara ta 60 miladiyya ta ƙone Landan ƙurmus, da Gráinne Mhaol, shugabar mayaƙan ruwa a yammacin Ailan, wadda ta je har fadar Sarauniya Elizabeth ta Farko a 1593 ta yi magana da ita ido da ido. Boudica tana da mutum-mutumi a bakin kogin Thames, daura da majalisar dokoki. 'Yargoje kuwa yara da yawa a jihar da ta mulki kakanninsu ba su taɓa jin sunanta a aji ba.

Bakin mawaƙi

A tsohuwar Ailan mawaƙin fada mutum ne mai daraja ta kusa da ta sarki. Yakan shekara bakwai zuwa goma sha biyu yana koyon sana'ar: asalin gidajen sarauta, ma'aunin waƙa, labaran yaƙe-yaƙe. Akan ba ɗalibi jigo da dare, ya kwanta a ɗaki mai duhu ba taga, ya yi ta saƙa baitoci a ka har washegari, sannan a kawo fitila ya rubuta. Yabo yake yi a ba shi doki da shanu. In aka hana shi, sai zambo, kuma mutane sun yi imani cewa zambon ƙwararren mawaƙi yana iya fito wa sarki da ƙuraje a fuska. Sarki mai tabo kuwa, a dokarsu, ba ya zama a karaga.

Bazamfare ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan. Yankin da ya haifi Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru da Salihu Jankiɗi, ga Ibrahim Narambaɗa a maƙwabta, ya san abin da ake nufi da yabo, ya san kuma dalilin da ɗan sarki ke rasa barci in makaɗi ya sa shi a habaici. Waƙoƙin fada taskar tarihi ce, domin a cikinsu ake jin wa ya haifi wa, wa ya ci wane gari, wace sarauta ta fito daga wane ɗaki. A Ailan an tattara dubban irin waɗannan waƙoƙi an jera su, an yi musu sharhi. Namu da yawa suna kan tsofaffin kaset da katin waya.

Yuliyas Kaisar ya rubuta cewa malaman addinin gargajiyar Keltawan Faransa sukan yi har shekara 20 suna hadda, kuma sun haramta rubuta abin da suka haddace, ko da yake sun iya rubutu. Da aka gama da su, ilimin ya bi su.

Keltawa kuma suna da ƙahon yaƙi na tagulla mai tsayin mutum, ana ɗaga shi sama a busa, bakinsa da siffar kan gursunu. An tono guda bakwai a rami ɗaya a Tintignac ta Faransa a 2004. Mai jin kakaki ranar hawan salla ya san irin abin da wannan ƙara ke yi wa zuciya.

Shanu

Babban labarin jarumtar Ailan, Táin Bó Cúailnge, labarin satar sa ne. Sarauniya Medb ta gwada dukiya da mijinta, ta tarar ya fi ta da bijimi ɗaya, sai ta ɗebi runduna ta tafi ƙwato wani bijimin a lardin Ulster. A tsohuwar Ailan da shanun tatsa ake auna darajar mutum da diyyarsa. Da bazara mata da matasa kan kora garke zuwa kan tsaunuka su kafa bukkoki, su sauko in sanyi ya kawo jiki. Man shanu kuwa a cikin taɓo suke binne shi, kuma har yau masu haƙa kan tono curin da ya shekara dubu biyu ko fiye.

A nan abin ya wuce nishaɗi. A tsaunukan Sikotlan satar shanu ta zama sana'a har cikin ƙarni na 18, manoma suna biyan 'yan fashi kuɗi don a bar musu dabbobinsu. Rob Roy MacGregor, wanda ya rasu a 1734, dillalin shanu ne da ya karye ya koma wannan harka. Ƙauyukan Anka da Bukkuyum da 'yan fashi suka ɗora wa haraji kafin su shiga gonakinsu ba za su ji wannan a matsayin tatsuniya ba. Yadda abin ya ƙare a can ya cancanci a zauna a karanta shi da kyau. An kafa rundunar tsaro daga 'yan yankin a 1725, an shimfiɗa hanyoyi cikin tsaunuka, manyan kasuwannin shanu a Crieff da Falkirk suka sa fatauci ya fi fashi riba. Amma an haɗa da zalunci mai yawa bayan tawayen 1745, daga baya kuma masu ƙasa suka kori dubban talakawa daga gidajensu don a yi kiwon tumaki. Ɗalibin da ya san wannan tarihi zai iya bambance abin da ya kawo zaman lafiya da abin da ya bar tabon da har yau ba a manta ba.

Garin alƙalai

Tsohuwar dokar Ailan tana da babi guda a kan ƙudan zuma kaɗai. Tunda zuma ba ta san iyakar gona ba, bayan shekara uku mai amya sai ya ba maƙwabtansa huɗu mafi kusa rabonsu. Akwai kuma hanyar karɓar bashi daga wanda ya fi ka ƙarfi: ka zauna a ƙofar gidansa ka ƙi cin abinci. In ya ci nasa ya ƙyale ka, mutuncinsa ya zube, bashin kuma ya ninka. Kisan kai diyya ake biya, dangi su haɗa. Ba da yaro riƙo ga wani gida abu ne da doka ta tsara dalla-dalla, har da irin abincin da za a ba shi.

Gummi na da abin faɗa a fagen shari'a. Nan aka haifi Shaikh Abubakar Mahmud Gumi, ɗan alƙali, wanda ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa a 1962, ya fassara Alƙur'ani mai girma zuwa Hausa, ya karɓi lambar yabo ta Sarki Faisal a 1987. Sarkin Mafaran Gummi, Mai Shari'a Lawal Hassan Gummi, daga kujerar Babban Jojin Abuja ya taso a 2013 ya hau gadon sarauta. Fassarar littafin addini kuwa ba ƙaramin gata ba ne ga harshe. Masana sun yi ittifaƙi cewa fassarar Baibul da William Morgan ya yi a 1588 na cikin manyan dalilan da suka sa harshen Wels ya rayu, shi kuwa na Konwal da bai sami irinta a lokacin ba ya shuɗe.

Ku lura da sunayen sarautun ma. Na Anka Sarkin Zamfara, na Gummi Sarkin Mafara, na Bukkuyum Sarkin Danko. Babu ɗaya da ke ɗauke da sunan garin da yake zaune, kowanne yana nuni ne ga wani wuri da wata ƙaura.

A gurguje

Keltawan Faransa da dare suke ƙirga lokaci, yini kuma daga faɗuwar rana yake farawa, kamar yadda daren Juma'a ke riga ranarta a wurinmu.

A 1897 an tono kalandarsu ta tagulla a Coligny, mai wata 62, lissafin shekara biyar, tana daidaita tafiyar wata da ta rana.

A gargajiyance da ashirin-ashirin suke ƙidaya a Wels da Ailan. Hausawa ma kafin ashirin da talatin su shigo daga Larabci suna da hauya da gomiya uku.

Ankara, babban birnin Turkiyya, ya taɓa zama garin Keltawa. Sun ƙetara can a wajen shekara ta 278 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam.

A kudancin Ajantina akwai garuruwan da ake jin harshen Wels, zuriyar mutum kusan 150 da suka sauka daga jirgin ruwa a 1865. Hausawan Sudan, jikokin mahajjatan ƙasa da waɗanda suka bi Sarkin Musulmi Attahiru a 1903, su ne irinsu a wurinmu.

Dankalin Turawa da 'yan kasuwa ke kira Arish ya taɓa jawo wa Ailan bala'i. Cuta ta kama shi daga 1845, mutum kusan miliyan ɗaya suka mutu da yunwa, wasu miliyan ɗaya suka bar ƙasar, kuma mafi yawansu masu magana da harshen gida ne.

Sun zo nan da ƙafarsu

Hugh Clapperton, wanda ya ratsa ƙasar Zamfara ta Zurmi ya isa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824, ɗan Sikotlan ne. Ya dawo karo na biyu, ya rasu a Sakkwato a watan Afrilun 1827. Yaronsa da ya binne shi, Richard Lander, ɗan Konwal ne daga garin Truro, shi ne kuma ya dawo da ƙanensa a 1830, suka biya ta Yawuri, suka bi Kwara har inda ta faɗa teku. Shekara 50 cif kafin rasuwar Clapperton, a 1777, aka binne Dolly Pentreath, mai tallar kifi da ake yawan cewa ita ce ta ƙarshe da ta tashi da harshen Konwal a baki.

Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, kundi uku da Frank Edgar ya fitar tsakanin 1911 da 1913, wanda yawancin abin da ke ciki malaman ƙasar Sakkwato ne suka rubuta da ajami, a ina aka buga shi? A Belfast, arewacin Ailan.

Zinariya da agwagi

Manyan Keltawa da ƙawanyar zinariya a wuya ake gane su. A Snettisham ta Ingila wani mai huɗa ya tono ɗaya a 1950, nauyinta ya ɗara kilo guda. Akwai kuma labarin da Rumawa suka daɗe suna bayarwa, cewa lokacin da Keltawa suka ci birnin Rum a wajen 390 kafin miladiyya, sun lallaɓo da dare za su hau tudun da ya rage, karnuka ba su yi haushi ba, kukan dinyoyin ɗakin bauta ne ya tashi masu gadi.

A ƙasar Anka da Bukkuyum ma tsuntsaye sun yi gargaɗi. Kafin annobar gubar dalma ta fito fili a 2010, mutanen ƙauyuka sun ga agwaginsu na ta mutuwa. Duwatsun da ake haƙowa don neman zinariya cike suke da dalma, ana kai su cikin gida a daka a turmi ko a niƙa a injin, ƙurar ta bi tsakar gida inda yara ke rarrafe. Likitocin ƙungiyar MSF ne suka fara lura da yawan mutuwar ƙananan yara. A Dareta da Abare da Sunke da 'Yargalma da Tungar Guru da sauransu an rasa yara aƙalla 400. Allah ya jiƙansu. Bagega sai a 2013 aka kwashe mata gurɓatacciyar ƙasa.

Wannan ne ya sa nake ganin ƙaramin fanni ba ado ba ne. Aikin ceton ya buƙaci wanda ya san ilimin ma'adinai da magani, ya kuma san tsarin gidan Bahaushe: wa ke daka, a ina ake shanya, wa zai iya shiga cikin gida ya yi wa matan aure bayani, wane malami ko mai unguwa ne in ya yi magana za a ji. Injiniya ko ma'aikacin lafiya da ya ɗauki kwas biyar a kan tarihi da al'adun mutanen da zai yi wa aiki ya fi wanda bai ɗauka ba amfani.

Harshen da ya tashi daga kabari, da waɗanda ke bakinsa

Ned Maddrell, masunci, shi ne na ƙarshe da ya sha harshen tsibirin Man a nono. Ya rasu a 1974. Amma an riga an naɗi muryarsa da ta wasu tsofaffi, kuma daga wannan naɗi matasa suka koya. A 2001 aka buɗe firamaren da ake koyar da komai da harshen. Da UNESCO ta sa shi cikin matattun harsuna a 2009, yaran makarantar suka aika mata wasiƙu da shi, dole ta gyara.

A Wels kuwa, a ƙarni na 19 akan rataya wa yaro katako a wuya in an ji ya yi harshen gida a makaranta, wanda aka tashi makaranta katakon na wuyansa ya sha bulala. Yau ƙidayar 2021 ta nuna masu magana da shi 538,300, suna da tashar talabijin tasu tun 1982, wadda aka samu bayan wani ɗan siyasarsu, Gwynfor Evans, ya yi alwashin daina cin abinci har ya mutu in aka hana.

A nan akwai gaskiyar da ya kamata mu Hausawa mu faɗa wa kanmu. A yankinmu Hausa ce babban kifin. A kudancin ƙasar Gummi zuwa wajen Danko akwai Gwamfawa da Wurawa, masu harshensu na dangin Kainji, kuma 'ya'yansu na komawa Hausa. A ƙasar Sakaba ta Jihar Kebbi wani mai bincike, Stuart McGill, ya tarar da Damakawa a 2008, abin da tsofaffinsu suka iya tunowa daga harshen kakanninsu bai kai kalma ɗari ba. Maƙwabtanmu Dakarkari na Zuru, masu bikin Uhola da al'adar golmo, inda saurayi ke shekaru yana noma wa surukai kafin a ba shi mata, sun fi su ƙarfi, amma su ma suna jin nauyin Hausa a kasuwa da makaranta.

Ita kanta Hausar Zamfara tana cikin matsi. Daidaitacciyar Hausa a kan Kananci aka gina ta, don haka yaron da ya tashi da munka da sunka da yat tahi da hwarin wata yakan ji kamar kuskure yake yi in ya shiga aji. Alhali da wannan karin aka yi manyan waƙoƙin fada, kuma masana harshe na ganin ya riƙe tsofaffin siffofi da Hausar gabas ta zubar.

Wa ya biya, wa ya tattara

Kujerar farfesan nazarin Keltawa a Oksfod an kafa ta a 1877. Ta Edinbara ta biyo a 1882, kuma ba gwamnati ce ta ba da kuɗin ba. Wani farfesan Girkanci, John Stuart Blackie, shi ya yi ta yawo yana karɓar gudummawa daga attajirai da talakawa da 'yan ƙasar da ke ƙetare har aka tara abin da ya isa. A 1897 jami'ar Kambirij ta naɗa Charles Robinson malamin Hausa, shekara 78 kafin a kafa jami'a a Sakkwato.

Aikin da ya fi dacewa mu yi koyi da shi bai ma buƙaci farfesa da yawa ba. Daga 1937 zuwa farkon 1939 hukumar tattara al'adun Ailan ta haɗa kai da malaman firamare. Aka ba yara littafin rubutu, aka ce kowa ya je wurin kakansa ko tsohon unguwarsu ya tambayo tatsuniyoyi, magungunan gargajiya, sunayen gonaki da rijiyoyi, labarin yunwa, wasannin yara, yadda ake saƙa da ƙira. Yara sama da 50,000 daga makarantu 5,000 suka tara shafi kusan 740,000. Suna ajiye a jami'a a Dublin, an ɗora da yawa a intanet, mutum na iya neman ƙauyensu ya ga rubutun hannun kakarsa tana 'yar shekara goma sha biyu.

Muna da wuraren da za su riƙe irin wannan aiki: Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013, jami'ar jiha a Talatar Mafara, Kwalejin Ilimi ta Maru, ga Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato da Gidan Arewa a Kaduna. Kwas ɗin sanin al'ummun Nijeriya da ake yi wa kowa a shekarar farko, ɗalibai ɗaruruwa a ɗaki ɗaya, bai isa ba. Abin da nake fata shi ne ɗalibin aikin gona ko lauya ko kimiyyar ƙasa ya sami damar raɓa nazarin Zamfara a digirinsa, ya koyi karanta ajami, ya san jerin sarakuna da hanyoyin fatake, ya ɗan taɓa harshen Dakarkari ko na Gwamfawa, a kuma wajabta masa naɗo hirar tsoho ɗaya kafin ya gama. Rashin tsaro ya tarwatsa ƙauyuka da dama, amma ya tara tsofaffinsu a cikin garuruwan Anka da Gummi da Bukkuyum, inda ɗalibi mai waya a aljihu zai iya zama da su bayan la'asar ya tambaye su sunan kowace fadama da kowane kufai da suka baro.